Kashe maciji ba ya hana wani shigowa gida

Da damina ta kankama a Kaduna, musamman a unguwannin da ke kusa da kogi irin su Kabala da Unguwar Rimi, mutane da yawa sun ɗauka cewa gwanin mai kama maciji shi ne wanda zai rotse masa kai nan take, sannan ya zagaye gidan da kananzir. Wannan fahimta ta daɗe, amma kuskure ce.

Abinci da maɓoya ne suke jawo maciji gida, wato ɓeraye da kwaɗi da tarin itace ko bulo, saboda haka muddin waɗannan suna nan, wani zai maye gurbin wanda aka kashe, kananzir kuwa warinsa gushewa yake yi ya bar haɗarin gobara. Kisan ma ganganci ne, domin macijin da aka ritsa shi ne ya fi saurin kai sara, gamsheƙa tana feso dafi a ido daga nesa, kuma kan da aka datse yana iya sara bayan an ɗauka ya mutu.

Ƙwararre yakan fara janye yara da dabbobi, ya sa tabarau da takalmi mai tsawo, ya ɗaga macijin da sanda mai ƙugiya ya sa shi a buhu, ya sake shi a daji nesa da gidaje. Aikin da ya fi muhimmanci, wanda masu gida suka fi ƙyashin biya, yana zuwa ne daga baya: toshe ramuka da ƙasan ƙofa, sa raga a bakin magudanar ruwa, da rufe hatsi.