Kumburin saifa da ya ƙi jin maganin zazzaɓi

A watan jiya aka kawo mana asibiti wani magidanci daga wani ƙauye kusa da Daura. Da ya ɗaga riga, sai ga layin tsagar wanzami a ɓangaren hagu na cikinsa, wasu sun warke, wasu ɗanyu. Na ɗora hannu, na ji saifa ta sauko har kusa da cibiya, da tauri kamar dutse. Na ce, "Baba, tun yaushe?" Ya ce, "Ɗana, damina biyu ke nan." Ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro ba adadi, ya sha jiƙo, an kuma ce sammu ne. Gwajin jini ɗaya ya nuna fararen ƙwayoyin jininsa sun ninka ƙima sau da yawa.

Wannan ita ce sankarar jinin da likitoci ke kira CML. Daga ɓargo take tasowa, inda jiki ke ƙera jini, kuma tafiyar hawainiya take yi. Mutum sai ya riƙa ramewa, ga kasala, ga gumin dare har tabarma ta jiƙe, ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi saboda saifa ta danne masa tumbi. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka kada a ware wa mai ita kwano.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mutanenmu da yawa ba su san akwai magani ba. A 2001 aka amince da ƙwayar imatinib a Amurka, wadda kamfanin Novartis ke sayarwa da sunan Glivec. Tsadarta ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Amma tun 2003 Farfesa Muheez Durosinmi, ƙwararren likitan jini a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ya jagoranci shirin ba marasa lafiya wannan magani kyauta, da haɗin gwiwar gidauniyar Max Foundation. Daga ko'ina a ƙasar nan mutane suka riƙa zuwa Ife, har da 'yan Arewa. Allah Ya saka masa da alheri.

Kullum ake shan maganin, da abinci da ruwa mai yawa. Inda muke shan wahala shi ne idan mutum ya ga cikinsa ya sace, ƙarfinsa ya dawo, sai ya ajiye magani ya koma gona, ciwon ya dawo da ƙarfi. Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta faɗa wa likita tukuna.

Duk wanda saifarsa ta kumbura ta ƙi sauka, a bar tsaga, a kai shi asibiti a ƙirga ƙwayoyin jininsa. Idan sakamakon ya nuna alama, a nemi takardar turawa zuwa sashen masu cutar jini na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kuma a tafi da duk takardun gwajin baya.