Attajiri ya saya, koci ya tafi, maki ya zube: fashin baƙin dokar asarar kuɗi ta Firimiya

A gidan kallon da nake zuwa akwai wani dattijo mai gyaran agogo, shi kaɗai ne ɗan Everton a cikinmu. Ya kamu da son ƙungiyar tun 1995, shekarar da Daniel Amokachi, yaron Kaduna, ya taso daga benci ya zura wa Tottenham ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA, Everton ta je ta doke Manchester United ta ɗaga kofin. Tun daga wannan shekara ba ta sake ɗanɗana wani kofi ba, shi ya sa yara ba sa raga masa.

Da labari ya ɓulla a watan Nuwamban 2023 cewa an zaftare wa Everton maki 10, ta rikito daga ta 14 zuwa ta 19 a tebur, sai wani matashi ɗan Chelsea ya ce masa: "Baba, ku dai ku roƙi Allah ya kawo muku Balarabe irin na Newcastle. Ya kori kocin nan, ya sayo muku 'yan wasa, magana ta ƙare." Baba bai ko ɗago kai daga wayarsa ba ya ce: "Yaro, ai mai kuɗin ne ya kawo mu nan."

Gaskiya Baba ya faɗa. Abubuwa ukun da yaron ya lissafa, sabon mai ƙungiya da sabon koci da sababbin 'yan wasa, duk ta ƙofa ɗaya suke bi, wato littafin kuɗin ƙungiya, kuma a bakin wannan ƙofa akwai doka a tsaye.

Sunanta a taƙaice PSR, dokar riba da ɗorewa, wadda kakar 2025/26 ce ta ƙarshe gare ta. Ƙungiyoyin Firimiya da kansu suka amince da ita a 2013, 'yan shekaru bayan Portsmouth ta durƙushe a ƙarƙashin bashi har aka cire mata maki 9 a 2010. Jigon dokar layi ɗaya ne: ba a yarda ƙungiya ta yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 a cikin shekara uku ba. Ko wannan ma da sharaɗi. Fam miliyan 15 kacal ne ƙungiya za ta iya asararsa ba tare da an ce mata komai ba. Sauran miliyan 90 ɗin sai mai ƙungiya ya tsaya musu da kuɗinsa, ya zuba su a matsayin jari, ba bashin da gobe zai dawo ya ce a biya shi ba. Daga nan kuma ƙofa ta rufe. Ko rijiyar mai gare shi a tsakar gida, abin da ya wuce 105 laifi ne.

Ga inda mutane da yawa suke ruɗewa. Dokar ba ta duba aljihun mai ƙungiya, ba ta kuma duba yawan kuɗin da aka kashe a kasuwar 'yan wasa kai tsaye. Giɓin da ke tsakanin abin da ya shigo da abin da ya fita take aunawa. Abin da ya shigo shi ne kuɗin talabijin, tikitin shiga fili, tallace-tallace, da ribar sayar da 'yan wasa. Kyautar mai gida ba ta cikin lissafi. Akwai kuma kashe-kashen da ake yafewa saboda ana so a ƙarfafa su: gina fili da wurin atisaye, makarantar renon yara, ƙungiyar mata, da ayyukan taimakon jama'ar gari. An kuma yi rangwamen asarar da annobar korona ta jawo.

Yadda ake lissafin kuɗin ɗan wasa shi ne zuciyar maganar, don haka bari mu ɗan zauna a kansa. Mu ɗauki Alex Iwobi. Everton ta sayo shi daga Arsenal a 2019 a kan kusan fam miliyan 28, kamar yadda aka ruwaito, da kwantiragin shekara biyar. A littafi ba a rubuta miliyan 28 a shekara ɗaya. Rabawa ake yi gida biyar, kowace shekara a rubuta kusan miliyan biyar da rabi, a ɗora albashinsa a kai. Bayan shekara huɗu, darajarsa da ta rage a littafi kason shekara ɗaya ce kawai. Da aka sayar da shi ga Fulham a 2023 a kan kusan miliyan 22, mai kallo zai ce an faɗi, tunda an saya 28 an sayar 22. Akanta kuwa murmushi zai yi, domin a wurinsa an ci ribar da ta kai wajen miliyan 16, kuma duk a shekarar da aka sayar za a rubuta ta.

To ina ga yaron da ƙungiya ta rena da kanta? Mai kiwo ya san wannan. Ragon da ka sayo a kara, in ka sayar da shi da layya sai ka fitar da uwar kuɗi kafin ka ga riba. Wanda tunkiyarka ta haifa a gida kuwa, duk abin da aka ba ka a kansa naka ne, tunda shi littafin nan ba ya ma lissafa dusa da harawar da ya ci. Haka Anthony Gordon ya zame wa Everton: ɗan gida ne, ta sayar wa Newcastle shi a Janairun 2023 a kan kusan fam miliyan 40, duk ya shiga littafi a matsayin riba zalla. Wannan ne ya sa in ƙarshen watan Yuni ya ƙarato, lokacin da yawancin ƙungiyoyi ke rufe littafin shekara, sai ka ga ana wani irin ciniki mai kama da ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. A Yunin 2024 Everton ta ba Aston Villa Lewis Dobbin, Villa ta ba ta Tim Iroegbunam, kuɗin kowanne bai yi nisa da fam miliyan 10 ba. Kowa ya rubuta cikakkiyar riba nan take, kuɗin sayen kuma ya raba shi a kan shekaru. A watan nan ne ita kanta Newcastle, wadda asusun zuba jarin Saudiyya ya saya a 2021, ta sayar da Elliot Anderson da Yankuba Minteh cikin gaggawa don kada ta tsallake layi. Balaraben da ake yi wa Baba fata ke nan.

Chelsea ta taɓa samun kafa a wannan lissafi, ta riƙa ba 'yan wasa irin su Enzo Fernandez kwantiragin shekara takwas da rabi don kason kowace shekara ya ƙanƙance. A Disambar 2023 aka toshe kafar: komai tsawon kwantiragi, a kan shekara biyar za a raba.

Yanzu mu koma ga yadda Everton ta afka. Farhad Moshiri ya sayi kashi 49.9 cikin ɗari na ƙungiyar a Fabrairun 2016, daga baya ya kai kashi 94.1. Mutumin bai yi rowa ba, wannan kam a ba shi. Matsalar ita ce kuɗin sun tafi kan 'yan wasa masu tsada da albashi mai nauyi, ƙungiyar kuma ba ta samu gurbin gasar Zakarun Turai da zai dawo da su ba. Sannan a Maris ɗin 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, aka ƙaƙaba wa abokin kasuwancinsa Alisher Usmanov takunkumi, dole Everton ta jingine tallan kamfanoninsa. Kwamiti mai zaman kansa ya lissafa asarar ƙungiyar a fam miliyan 124.5, wato ta zarce da miliyan 19.5. Babbar jayayyar a kan kuɗin ruwa aka yi ta. Everton ta ce ruwan basussukan da ta ci na ginin sabon fili ne, a cire shi daga lissafi. Kwamitin ya ce a'a, takardu sun nuna basussukan na tafiyar da harkokin yau da kullum ne.

Ta ɗaukaka ƙara, a Fabrairun 2024 aka mayar da maki 10 zuwa 6. A Afrilu aka sake cire mata 2 saboda lissafin shekarar da ta biyo baya. Mutum zai ce an hukunta ta sau biyu a kan laifi ɗaya, kuma da ƙamshin gaskiya a ciki, domin shekaru ukun da ake dubawa jan jiki suke yi gaba, mummunar shekara ɗaya sai ta bi ƙungiya har lissafi uku. Nottingham Forest ta zarce nata layin da miliyan 34.5, fiye da na Everton, amma maki 4 aka cire mata, har da ragin da ta samu don ta amsa laifi da wuri ta ba da haɗin kai. Layin nata ma miliyan 61 ne, ba 105 ba, saboda shekarun da ta yi a gasar 'yan dagaji miliyan 13 kawai aka yarda a yi asara a kowacce. Dokar ba ta rubuta adadin makin da za a cire ba, kowane kwamiti da ma'auninsa. A ganina nan ne babban rauninta, kuma shi ya ba magoya bayan Everton bakin magana, musamman da yake a lokacin ba a ko fara sauraron tuhume-tuhume 115 da aka yi wa Manchester City tun Fabrairun 2023 ba, waɗanda City ta musanta.

Sai batun sayar da ƙungiya. Ba kamar sayen shago ba ne da za a yi musafaha a miƙa makulli. Akwai gwajin masu mallaka da daraktoci. Wanda aka taɓa kamawa da laifin zamba, ko ya karye har kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya kasa biyan bashi, ko gwamnatin Birtaniya ta sa masa takunkumi, ba zai wuce ba. Dole kuma mai saye ya nuna inda kuɗinsa suka fito, ya nuna za su isa. A Satumbar 2023 Moshiri ya yi ciniki da kamfanin 777 Partners na birnin Miami a Amurka. Aka yi wata takwas da ɗoriya ana jira. Hukumar Firimiya ta gindaya sharuɗɗa, ciki har da mayar da bashin da kamfanin ya riƙa ba ƙungiyar ya zama jari, da biyan wani bashin ginin fili. Suka kasa, wa'adi ya cika a ƙarshen Mayun 2024. A lokacin jiran magoya baya da yawa na ta zagin hukumar cewa tana jan ƙafa, amma da asirin kamfanin ya fara tonuwa a kotunan Amurka sai zagin ya lafa. John Textor ya nuna sha'awa, shi kuma hannun jarinsa a Crystal Palace ya tare masa hanya, don ba a yarda mutum ɗaya ya zama mai faɗa a ji a ƙungiyoyi biyu na gasar ba. Dan Friedkin, Ba'amurken da ke da Roma ta Italiya, ya zo ya janye ya sake dawowa, aka kammala ciniki ranar 19 ga Disambar 2024.

Sabon mai gida na iya biyan basussuka, ruwan da ake biya duk shekara ya ragu, wannan taimako ne na gaske. Abin da ba zai iya ba shi ne goge asarar baya, domin tana nan a lissafin ƙungiya ko wa ya saye ta. Ba zai kuma sa wani kamfaninsa ya ba da tallan bogi na ɗaruruwan miliyoyi ba, tunda tun Disambar 2021 ake auna irin wannan talla da farashin kasuwa.

Korar koci ma asara ce a littafi. Moshiri ya tarar da Roberto Martinez yana koci, ya kore shi, sannan ya ɗauko Koeman, Allardyce, Marco Silva, Ancelotti, Benitez, Lampard da Sean Dyche. Wanda duk aka kora da saura a kwantiraginsa sai an biya shi kuɗin sallama, shi da mataimakansa. In kuma daga wata ƙungiya za a ɓamɓaro sabo, sai an biya ta diyya. Sannan kowane koci ya zo da irin 'yan wasan da yake so, na wanda ya gabace shi su zauna a benci suna cin albashi, kasonsu na shekara yana ci gaba da hawa littafi. Shi ya sa masu kiran a kawo koci mai suna ba su samu yadda suke so ba a Janairun 2023. Dyche aka kawo, mutumin da ya saba da tukunyar talaka tun yana Burnley. Wasansa ba ya da daɗin kallo, Baba da kansa kan yi gyangyaɗi a gabansa, amma ya tsirar da ƙungiyar daga faɗawa gasar 'yan dagaji a ranar ƙarshe ta kakar da ƙwallon Abdoulaye Doucoure a ragar Bournemouth, a kakar da ta biyo kuma ya ci maki 48 a fili, aka bar masa 40, ya ƙare na 15. Mako uku da zuwan Friedkin aka sallame shi, aka dawo da David Moyes, wanda ba ya riƙe da wata ƙungiya a lokacin, ballantana a biya diyya. Ya kai su na 13.

Ita kanta dokar kwananta ya ƙare. A Nuwamban 2025 ƙungiyoyin suka kaɗa ƙuri'ar maye gurbinta daga kakar 2026/27 da wata wadda ta ce abin da ake kashewa a kan 'yan wasa da koci, da albashi da kason saye da ladan dillalai, kada ya wuce kashi 85 cikin ɗari na kuɗin shiga. Masu buga gasar Turai kuwa kashi 70 na hukumar UEFA ne a kansu. Majalisar Birtaniya ma ta kafa hukuma mai zaman kanta a 2025 da za ta riƙa tantance masu sayen ƙungiyoyi. Sabon tsarin ya fi sauƙin fahimta, sai dai bai taɓa ƙorafin da ƙananan ƙungiyoyi ke yi ba: wanda ya fi samu shi zai fi kashewa, Manchester United da Liverpool na gaba tun kafin a busa usur.

Baba ya gane wannan sarai. Ranar 18 ga Mayun 2025 da Everton ta yi wasan Firimiya na ƙarshe a Goodison Park, gidanta tun 1892, ta ci Southampton biyu da nema, har ƙwalla na gani a idonsa. Amma da yaron nan ɗan Chelsea ya tambaye shi wa yake so a sayo musu, bai ambaci sunan ɗan wasa ko ɗaya ba. Biro ya ciro, a bayan rasit ya rubuta kujeru 39,000 na Goodison, a ƙasa ya rubuta 52,000 na sabon fili, ya ja layi ya fara ɗebewa.