Saita gungun kwamfutoci: tambayoyi da amsoshi ga mai shirin riƙe ragama

Me ake nufi da gungun kwamfutoci, kuma me ake saitawa a cikinsa?

Kwamfutoci ne da yawa da aka haɗa ta hanyar sadarwa don su yi aiki ɗaya, ta yadda mai amfani da su zai ga kamar na'ura guda ce. A shekarar 1994 Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa kwamfutoci 16 na gama-gari a hukumar NASA ta Amurka, suka kira haɗin Beowulf, kuma tun daga nan tsarin ya yaɗu. Yau, a cikin manhajojin da ke gudanar da gungu, masu lissafin kimiyya sun fi amfani da Slurm, masu gudanar da manhajojin intanet kuma suna amfani da Kubernetes, wanda Google ya fitar a 2014. Abin da ake saitawa a dukkansu kusan iri ɗaya ne: su wane ne 'yan gungun, wa ke ba da umarni, yaya ake raba aiki, kuma me za a yi idan wata kwamfuta ta yi shiru. A ganina wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayan komai. Gungu yakan tafi lafiya da kowane irin saiti muddin kowa na amsawa. Ranar da ɗaya ta daina amsawa ake gane ingancin abin da aka rubuta.

Kwamfuta nawa ya kamata su riƙe shugabancin gungun?

Uku ko biyar. Dalilin yana cikin lissafin rinjaye. Kubernetes na ajiye duk bayanan gungu a wata ma'ajiya mai suna etcd, ita kuma tana bin ƙa'idar Raft: membobi na zaɓar shugaba ɗaya daga cikinsu, kuma ba a karɓar wani canji sai fiye da rabin membobi sun amince sun kuma rubuta shi. Idan membobi uku ne, rinjaye biyu ne, don haka ɗaya za ta iya faɗuwa aiki ya ci gaba. Idan biyar ne, rinjaye uku ne, ana iya rasa biyu.

Mutane da yawa na ɗauka cewa huɗu sun fi uku ƙarfi. Rinjayen huɗu uku ne, wato ɗaya kawai za a iya rasawa, daidai da gungun uku, ga kuma ƙarin na'ura guda da za ta iya lalacewa. Biyu kuwa sun fi kowane adadi haɗari, domin rinjayensu biyu ne, ko wacce ta faɗi komai ya tsaya.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a sani. A ce membobi uku ne, ɗaya ta mutu. Abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya yi maza ya ƙara sabuwa. Da zarar ya yi haka, adadin ya koma huɗu, rinjaye ya koma uku, alhali biyu ne ke raye. Idan sabuwar ta kasa tashi saboda kuskuren adireshi, gungun ya rasa rinjaye ke nan. A fara cire matacciyar daga jerin membobi, sannan a shigar da sabuwa.

Yaushe za a yanke hukuncin cewa kwamfuta ta mutu?

Babu hanyar da sauran kwamfutoci za su bambance wadda ta mutu da wadda aiki ya yi wa yawa, ko wadda wayarta ta tsinke. Shiru kawai suke ji. Shi ya sa ake saita lokuta biyu: tazarar saƙon "ina nan" da shugaba ke aikawa a kai a kai, da kuma tsawon jiran da za a yi kafin a zaɓi sabon shugaba. A etcd, idan ba a taɓa komai ba, saƙon na fita kowane milisakan 100, jiran kuma milisakan 1000 ne. Waɗannan lambobi sun dace da kwamfutocin da ke ɗaki ɗaya. Idan suna nesa da juna, sai a auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, a sa jiran ya ninka shi aƙalla sau goma.

Idan jiran ya yi gajarta, gungun zai riƙa sauya shugaba ba gaira ba dalili, kuma duk lokacin zaɓe rubutu na tsayawa. Idan ya yi tsawo, masu amfani za su daɗe suna kallon shafin da ba ya buɗewa. Sau da yawa ma laifin na faifai ne: etcd na jiran faifai ya tabbatar da kowane rubutu, don haka faifai mai nawa na iya sa a rasa saƙon "ina nan". A ba ta faifai mai sauri na SSD nata, kada a haɗa ta da manhaja mai yawan rubutu.

Mafi muni shi ne gungu ya rabe gida biyu, kowane ɓangare na ganin shi ne mai iko, duka suna rubutu a faifai ɗaya. Bayanan da suka lalace ta wannan hanya da wuya su gyaru. Saboda haka Pacemaker, wata manhajar kula da gungu, ke da tsarin da ake kira STONITH, wanda ke kashe wutar kwamfutar da ake shakka a kanta kafin wata ta karɓi aikinta. Wasu na kashe wannan saitin don yana da wahalar haɗawa. Ban yarda da hakan ba a duk inda ake tarayya a faifai guda.

Me ya haɗa agogo da wannan aiki?

Kowace kwamfuta na da agogonta, kuma agogunan na zamewa kaɗan-kaɗan. Kerberos, tsarin tantance masu shiga, na ƙin amincewa da na'urar da agogonta ya kauce da fiye da minti 5. MUNGE, wanda Slurm ke amfani da shi wajen tantance saƙonni, shi ma shaidarsa na ƙarewa bayan minti 5. Ga kuma wahalar bincike: idan agogo bai daidaita ba, ba za ka iya jera abin da ya faru a kwamfutoci goma ka gane wanne ya riga wanne ba. A sa chrony ko wata manhajar daidaita agogo ta NTP a kowace na'ura, duka su sha daga tushe ɗaya.

Waɗanne ƙofofin sadarwa ake buɗewa?

Ƙofa ita ce lambar da manhaja ke karɓar saƙo ta kanta; a buɗe waɗanda ake buƙata kawai, ga waɗanda ke buƙatarsu kawai. A Kubernetes, mai karɓar umarni na sauraro a ƙofa ta 6443, etcd a 2379 da 2380, kubelet, wakilinsa da ke kan kowace kwamfuta, a 10250. A Slurm ƙofofin su ne 6817 da 6818. Ƙofofin etcd kada su taɓa fuskantar intanet, domin wanda ya shiga nan ya mallaki gungun gaba ɗaya. Kowace kwamfuta kuma ta samu sunanta da adireshin da ba ya canzawa.

Ina ya kamata saitin ya zauna?

A wuri ɗaya, a rubuce, cikin Git, manhajar ajiye tarihin fayiloli, inda za a ga wanda ya canza me da kuma yaushe. Daga nan sai manhaja irin Ansible ta kai shi ga kowace na'ura. Gyaran hannu shi ne ke kashe gungu a hankali: wani ya shiga kwamfuta ta bakwai cikin dare ya ƙara lamba ɗaya don ya kashe wata gobara, bai rubuta ko'ina ba, bayan wata shida ita kaɗai ke yin wani hali daban kuma babu mai tuna dalili. Slurm ma yana son fayil ɗin slurm.conf ya zama iri ɗaya a ko'ina, yana kuma ƙorafi idan ya ga bambanci.

Yawancin waɗannan fayiloli da tsarin rubutu mai suna YAML ake rubuta su, kuma a YAML tazarar farkon layi na ɗauke da ma'ana. Layin da ya matsa da gurbi biyu zai iya komawa ƙarƙashin wani sashe daban ba tare da an ga alamar kuskure ba. A sa na'ura ta duba fayil kafin a tura shi.

Yaya ake hana manhaja ɗaya cinye ƙarfin kowa?

Kubernetes na ba da lambobi biyu ga kowane aiki: abin da yake nema, da iyakar da ba zai wuce ba. Da na farko ake zaɓar kwamfutar da za a ɗora shi. Idan ya kai iyakar ƙarfin sarrafawa, ana rage masa gudu ne. Idan ya wuce iyakar RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, kashe shi ake yi nan take. A bar wa tsarin aiki na kwamfutar rabonsa, a kuma lissafa ko sauran na'urori za su iya ɗaukar kayan wadda ta faɗi.

Kalmomin sirri da takardun shaida fa?

Kada su shiga Git a fili. Abin da Kubernetes ke ajiyewa a matsayin sirri, base64, wata hanyar sauya siffar rubutu, ne kawai ya lulluɓe shi, kowa na iya warwarewa, sai idan an kunna ɓoye bayanai a etcd. Takardun shaidar da kubeadm, kayan kafa gungun Kubernetes, ke samarwa kuma shekara ɗaya suke yi. Gungun da aka kafa aka manta da shi zai wayi gari ya ƙi karɓar umarni, don haka a sa ƙararrawa tun da sauran makonni.

Yaya ake canza saiti a gungun da ke kan aiki?

Ɗaya bayan ɗaya. A ɗauki kwafin etcd, a kwashe ayyukan da ke kan kwamfuta guda, a yi mata canjin, a dawo da ita, a jira a ga lafiyarta kafin a taɓa ta gaba. A cikin masu shugabanci kada a taɓa sauke biyu lokaci ɗaya idan uku ne. A ranar 28 ga Fabrairu 2017 wani injiniyan Amazon ya shigar da umarnin cire sabobi kaɗan, wato kwamfutocin da ke gudanar da aikin, daga S3, ma'ajiyar bayanai ta kamfanin, ya yi kuskure a ɗaya daga cikin abubuwan da ya rubuta, sai umarnin ya kwashe fiye da yadda aka nufa. Shafukan intanet masu yawa suka tsaya na kusan awa huɗu. Gyaran da kamfanin ya yi a kan kayan aikin ne: ya sa yana cire sabobi a hankali, kuma yana ƙin bin duk umarnin da zai rage su ƙasa da adadin da tsarin ke buƙata. Irin wannan shingen ana iya sa shi a ƙaramin gungu ma. A Kubernetes akwai saitin da ke ƙayyade kwafi nawa na manhaja dole su kasance a raye yayin da ake kwashe kwamfuta, kuma a Ansible ana iya cewa a yi wa na'ura ɗaya a lokaci guda, a tsaya cak da zarar ɗaya ta gaza.