Ilimin kasuwanci ga mai haɗa manhaja

Ilimin kasuwanci ga mai haɗa manhaja shi ne abin da yake buƙatar sani, ban da iya aikin kwamfuta, idan zai kafa kamfanin kansa. Ya ƙunshi gano mai saye, yanka farashi, riƙon kuɗi, karanta yarjejeniya da rabon hannun jari. Yawancin masu wannan sana'a sun saba a ba su aiki su yi, wani ya sayar, shi ya sa ciniki ya fi ba su wuya.

Mafi nauyi a ciki shi ne sanin wa ya mallaki manhajar bayan an gama ta. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Microsoft. A 1980 kamfanin IBM na Amurka yana neman manhajar da za ta tafiyar da ƙaramar kwamfutarsa. Microsoft ba shi da ita a lokacin, sai ya sayi wata manhaja mai suna 86-DOS daga kamfanin Seattle Computer Products, ya gyara ta. Bai sayar wa IBM ita ɗungurungum ba, lasisi ya ba shi, wato izinin amfani da ita, ya kuma riƙe damar ba wasu kamfanoni. Da kwamfutar ta fito a Agustan 1981, wasu suka fara ƙera irinta, su ma suka koma biyan Microsoft kuɗin lasisin wannan manhajar, wadda ya sa wa suna MS-DOS. Manhajar ba ta fi sauran na zamaninta ba. Sharaɗin da ke cikin takarda ne ya kawo arzikin. Mai haɗa wa wani manhaja bisa kwangila yakan yi akasin haka, ya sa hannu ya sallama komai ba tare da ya karanta ba.

Rabon hannun jari kuwa tun ranar farko ake rubuta shi, ko da tsakanin aminai ne. Tsarin da ya yaɗu a kamfanonin fasaha shi ne kason kowa ya riƙa tabbata sannu a hankali cikin shekara 4, wanda ya fita kafin cikar shekarar farko kuma ya tafi hannu rabbana.

Sai batun kuɗi. Riba a takarda daban, kuɗi a hannu daban: kamfani yana iya bin mutane bashi mai yawa, amma ya kasa biyan albashi. Don haka ake karɓar kafin alƙalami, a raba sauran biyan kashi-kashi, a kuma raba asusun kamfani da aljihun mai shi. Farashi ma ba a yanka shi bisa awannin aiki kaɗai, ana duba abin da manhajar za ta samar wa mai saye.

A Najeriya hukumar CAC ce ke yi wa kamfani rajista, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai. A Oktoban 2022 aka sa hannu kan dokar sababbin kamfanonin fasaha, wadda ta tanadi rangwamen haraji ga waɗanda suka samu takardar shaida ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa.