Rarraba Wutar DC Mai Ƙaramin Ƙarfi

Rarraba wutar DC mai ƙaramin ƙarfi tsari ne na kai lantarki gidaje, shaguna da ofisoshi ba tare da an mai da shi wutar AC ba. Wutar DC gefe guda take bi a cikin waya, irin wadda batir da faifan sola ke bayarwa. Ita kuwa AC, wadda har yau Kanawa ke kira wutar NEPA, kai-kawo take yi, zagaye 50 a kowace daƙiƙa a Nijeriya. A ma'aunin IEC, hukumar tsara ƙa'idojin lantarki ta duniya, wutar DC da ba ta wuce bolt 1,500 ba ita ce mai ƙaramin ƙarfi.

Da DC aka fara sayar da lantarki. Tashar da Thomas Edison ya buɗe a birnin New York a 1882 ita take bayarwa, amma wutar ba ta iya nisa. AC ta ƙwace kasuwa saboda taransifoma, wadda ke ɗaga ƙarfin wuta a tura ta nesa, sannan a sauke. Haka take isowa tashar Kumbotso da ke Kano a kan layin bolt 330,000, a yi ta rage ta har kamfanin rarraba wuta na KEDCO ya kai ta gida a kan bolt 230.

Abin da ya dawo da maganar DC shi ne kayan da ke hannun mutane yanzu. Wayar salula, kwamfuta, talabijin da ƙwan LED duk DC suke ci. A dubi mai shago a Kantin Kwari da ya kafa sola a kan rufi. Faifan na ba da DC, batir na ajiye DC, inbata ta juya ta zuwa AC, sannan cajar waya ta sake mai da ita DC. Kowace juyawa sai ta ci wani kaso na wutar, ya tafi a zafi. Ɗumin da ake ji a kan caja ke nan. Asara ce ta gaske ga wanda ya tara kuɗi ya sayi batir, kuma layin DC na rage ta. Manyan tashoshin sola ma sai an juya wutarsu: ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, da ta Challawa mai megawat 10 ta 2023, DC faifansu ke samarwa kafin a juya.

A tsarin rarraba wuta na zamani, inda mita da na'urorin lura ke aika bayani ga kwamfuta, DC na da sauƙin sarrafawa. Ba sai an daidaita bugun kai-kawo ba kafin a haɗa sola, batir da layin gari, kuma unguwa na iya ci gaba da aiki da batirinta idan an ɗauke wuta.

Zaɓen bolt shi ne babban lissafi. Kayan wat 120 na jan amfiya 10 (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) a kan bolt 12, amma amfiya 2.5 kacal a kan bolt 48, kuma asarar da ke cikin waya iri ɗaya na raguwa ninki 16. Shi ya sa turakun sadarwa ke aiki da bolt 48, wasu cibiyoyin ajiye bayanai kuma da 380. Bolt 12 ya ishi ɗaki ɗaya, ba layin shaguna ba.

Inda haɗarin yake shi ne wajen katse wutar. AC na sauka zuwa sifili sau 100 a daƙiƙa, don haka tartsatsin da ya tashi a makunni kan mutu da kansa. DC ba ta sauka, tartsatsinta na iya ci gaba da ci har roba ta kama. A kasuwannin da suka sha gobara, irin su Sabon Gari, sa makunni ko fis na AC a layin DC ganganci ne, komai arharsa. Har yanzu kuma babu soket ɗaya ko bolt ɗaya da duniya ta amince da shi don gidaje, don haka dole mai haɗa wuta ya duba rubutun da ke jikin kowace fanka ko firji kafin ya jona.