Sanyaya kwamfuta da ruwa: me ake nufi, kuma me yake buƙata daga mai ita?

Wanda ke yawan leƙa hotunan kwamfutocin 'yan gem da na masu haɗa bidiyo ba zai rasa cin karo da ita ba: akwati mai gefen gilashi, bututu sun ratsa cikinsa, ruwa mai launi yana gudu a cikinsu. Tambayar da ke fara zuwa bakin mutum ita ce, me ya haɗa ruwa da kayan lantarki? Wannan shi ne abin da masu harkar ke kira "water cooling", wato sanyaya kwamfuta da ruwa. Idan kuma mutum ya sayo kayan ɗaya bayan ɗaya ya harhaɗa da hannunsa, sai su ce ya yi "custom loop", zagayen ruwa na haɗin gida ke nan.

Tushen maganar zafi ne. Duk wutar da kwamfuta ta ci, ƙarshenta zafi take komawa. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin Intel Core i9-13900K tana iya jan wat 253 idan aiki ya yi nauyi. Katin hoto na Nvidia RTX 4090, wanda ya fito a 2022, yana jan wat 450, sai RTX 5090 na 2025 ya kai 575. Yawan wat ɗin kaɗai ba zai tayar da hankali ba, inda zafin ke fitowa ne abin dubawa: ɗan guntun siliki da bai wuce kamar santimita 3 a tsayi ba. In ba a kwashe zafin da sauri ba, firosesa na kaiwa digiri 95 ko 100, daga nan sai ta rage gudunta da kanta don kada ta lalace. Mai kwamfuta ya biya kuɗin gudu, zafi ya hana shi morewa.

Ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Idan an auna da nauyi, ya ninka ta kusan sau 4, idan kuma da cikin mazubi aka auna, ninkin ya haura sau 3,000. Sai dai a nan ne mutane da yawa ke samun kuskuren fahimta. Ruwan ba ya ƙirƙirar sanyi. Ɗan dako ne kawai, yana ɗaukar zafi daga ƙaramin wuri ya kai shi wuri mai faɗi inda fanka za ta hura shi waje. Duk wanda ya taɓa buɗe bonet ɗin mota ya san tsarin: ruwa ya zagaya injin, ya ɗebo zafi, ya shiga lagireto, iska ta buge shi, ya dawo. Dangantakar ma ta wuce kama, domin a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da babu kamfanin da ke sayar da waɗannan kaya, masu tilasta wa firosesa gudun da ya wuce na kamfani ƙaramin lagireton hitar mota suke nemowa, su haɗa shi da famfon tankin kifi. Manyan kwamfutocin IBM kuwa tun shekarun 1960 ake sanyaya wasunsu da ruwa.

Abin da ke zaune a kan firosesa shi ake kira bulok. Idan ka juya shi za ka ga farantin jan ƙarfe da aka goge sumul, wani lokaci an lulluɓe shi da nikel yana ƙyalli. Idan ka kwance sukurorinsa ka buɗe ciki, za ka tarar da wasu siraran haƙora jere reras, tsakaninsu bai kai rabin milimita ba, da wani ɗan faranti mai tsaga a tsakiya wanda ke matso ruwa ya faɗa musu da ƙarfi. A cikin waɗannan 'yan hanyoyi ne zafi ke barin ƙarfe ya shiga ruwa, kuma su ne farkon abin da ke toshewa idan ruwa ya ƙazantu. Katin hoto ma yana da nasa bulok ɗin, wanda ake ƙerawa daidai da samfurin katin, sai an cire fankokin da ya zo da su kafin a ɗora shi.

Famfo ne ke tura ruwan. Biyu ne suka yi suna, D5 da DDC, dukkansu ƙirar kamfanin Laing ne tun asali, sauran kamfanoni na saye su sa musu riga da sunansu. D5 ya fi shiru, DDC ya fi ƙanƙanta da ƙarfin matsi amma ya fi ɗaukar zafi. Abin da ya kamata a riƙe game da su shi ne ruwan da suke turawa shi ne man da ke hana su cin kansu, saboda haka kunna famfo babu ruwa, ko na ɗan lokaci ne, hanyar lalata shi ce. Shi ya sa ake ɗora tanki a samansa, ruwa ya riƙa gangarowa cikinsa. Bayan wannan sharaɗi ɗaya, jerin sauran kayan bai dami kowa ba. A kai ruwa firosesa kafin katin hoto ko a juya, duk ɗaya ne, domin ruwan na gudu da saurin da bambancin zafinsa daga wannan gefe zuwa wancan ba ya wuce digiri 1 ko 2.

Lagireto ana auna shi da fankokin da yake ɗauka: mai fanka ɗaya milimita 120, mai biyu 240, mai uku 360, mai huɗu 480. Akwai kuma dangin 140, wato 280 da 420. Masu harkar na da wani ƙiyasi da suke bi, wurin fanka ɗaya ta 120 ga kowane wat 100, a ƙara kaɗan don fankoki su samu juyawa a hankali. Wanda ya haɗa waccan firosesa da RTX 4090 yana da kusan wat 700 a hannunsa, ka ga lagireto 360 guda biyu ba almubazzaranci ba ne. Ragowar kayan su ne tiyo mai laushi ko bututu mai tauri na robar PETG ko akirilik, da mahaɗan da ke riƙe su. Kusan duk mahaɗan zare ɗaya suke amfani da shi, G1/4, abin da ya sa kayan EK na Sulobeniya ke shiga na Alphacool ko Aqua Computer na Jamus, ko Bitspower na Taiwan, ba tare da gardama ba.

Ya kamata a raba wannan da abin da ake kira AIO, wanda yawancin masu cewa kwamfutarsu mai ruwa ce shi suke nufi. AIO a haɗe yake zuwa daga kamfani, bulok da famfo da tiyo da lagireto duk an cika an rufe, ɗaurawa kawai za ka yi. Kamfanin Asetek na Denmak ne ya yi fice wajen ƙera su, Corsair H50 na 2009 kuma na cikin waɗanda suka kai shi hannun talakawan masu kwamfuta. Yawancinsu ba a canza musu ruwa. Ruwan na raguwa sannu a hankali ta jikin tiyo, bayan wasu shekaru sai ka fara jin ƙarar kumfa, ko famfon ya mutu, a sayi sabo. Zagayen haɗin gida kuwa komai nasa ana kwancewa, ana wankewa, ana musanyawa, kuma duk wannan aiki a wuyan mai shi yake.

Akwai iyakar da babu tsarin da ke tsallakewa, kuma ta fi shafar wanda ke zaune a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi fiye da wanda ke Jamus. Lagireto da iskar ɗaki yake aiki, don haka ruwan ba zai taɓa yin ƙasa da zafin ɗakin ba. A tsari mai kyau, idan aiki ya kankama, ruwan kan zauna kamar digiri 10 sama da ɗaki. Wanda ya ga alƙaluman wani Bature da ya gwada a ɗaki mai digiri 21, ya zo yana neman irinsu a watan Afrilu ɗakinsa na digiri 38, zai zargi kayansa alhali ba su yi laifi ba. Ruwansa zai doshi 48, kuma a irin wannan zafi bututun PETG na iya yin laushi a bakin mahaɗi har ya zame. Ni a ganina, a ƙasa mai zafi irin tamu tiyon baƙar roba ta EPDM ko bututun akirilik ya fi kwanciyar hankali. Kada kuma a manta wat 700 ɗin nan ba ɓacewa suka yi ba, cikin ɗakin aka zubo su.

Wajen haɗawa, babban abin kiyayewa shi ne kada a gama jan ƙarfe da alminiyam a zagaye ɗaya. Idan ruwa ya haɗa su, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ya riƙa narkewa yana zubo gari mai toshe bulok, ƙarshe ya huje. Jan ƙarfe da farin ƙarfen tagulla da nikel suna zama lafiya da juna. Kamfanonin AIO da yawa na haɗa farantin jan ƙarfe da lagireton alminiyam, amma sun dogara ne da sinadarin hana tsatsa mai ƙarfi da suka zuba a ciki, wannan kuma ba hujja ba ce ga mai haɗin gida. Sabon lagireto ma sai an ɗauraye cikinsa da ruwan ɗumi, an girgiza, an zubar, an maimaita, saboda ragowar dattin walda da ke fitowa daga masana'anta.

Ruwan famfo da na rijiya da na leda ba sa shiga, duk suna ɗauke da gishirin ma'adinai da ke daskarewa a ciki. Tataccen ruwa, wato "distilled water", ake sa wa, a ɗiga masa maganin hana gansakuka da na hana tsatsa, ko a sayi wanda aka riga aka haɗa. Wanda zai nemi tataccen ruwa wajen masu batir ya tabbatar ba mai asid aka miƙo masa ba. Masu cewa tataccen ruwa ba ya ɗaukar wuta, don haka yoyo ba komai ba ne, sun faɗi rabin gaskiya: da zarar ya kwana biyu yana goga jikin ƙarfe ya ɗebi abin da zai sa ya ɗauka. Ko manyan kamfanoni yoyo bai bar su ba. Apple ya fitar da Power Mac G5 mai sanyaya da ruwa a 2004, kuma da shekaru suka ja wasu daga cikinsu sun yi yoyo sun lalata kayan ciki.

Saboda haka gwajin yoyo ba abin gaggawa ba ne. Ana cire duk wayoyin wuta daga madabod, wato babban allon kwamfuta, da katin hoto, a bar famfo kaɗai. A kan babbar waya mai baki 24 da aka cire daga madabod ana haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan abin haɗi, sai akwatin wuta ya tashi ba tare da kwamfutar ta kunnu ba. A shimfiɗa farar tishu ƙarƙashin kowane mahaɗi. A zuba ruwa a tanki, a kunna, ruwan ya faɗa cikin bututu, a kashe kafin tankin ya ƙafe, a ƙara, haka har zagayen ya cika. Daga nan sai a bar shi yana gudu awa 12 zuwa 24, ana duba tishun. Ɗigo ɗaya ya isa a tsaya a nemo bakin zaren, sau da yawa ɗan zoben roba ne ya karkace ko aka manta da shi. Yanzu akwai ɗan famfon hannu mai agogo da ake hura iska da shi kamar rabin "bar" a ma'aunin matsi kafin a zuba ruwa, in allurar ta sauka akwai kafa. Na fi son wannan hanya, domin iska ba ta jiƙa komai. A kwanakin farko za a riƙa jin kumfa na ƙara, sai a karkata akwatin gaba da baya su taru a tanki, a cike gurbinsu da ruwa.

To riba fa? Katin hoto ne ya fi cin moriya, wanda ke kaiwa digiri 70 ko 80 da fankokinsa yakan sauko wajen 50 a ɗaki mai sanyi, ga shiru. A firosesa bambancin bai kai haka ba, babban masanyayin iska irin Noctua NH-D15 na Ostiriya ya wadatar da yawancin mutane, ba ya yoyo, ba ya neman komai sai busar ƙura. Wanda aikinsa rubutu ne da intanet da ɗan gem ba ya buƙatar ruwa ko kaɗan. Wanda injinsa ke kwana yana sarrafa bidiyo ko zanen gine-gine, ko wanda ke son sana'ar hannun don kanta, shi ne zai ga amfanin kuɗinsa.

Kulawar kuwa ba ta ƙarewa. Ana canza ruwa duk wata 6 zuwa 12. Ruwan nan mai kauri kamar madara, wanda ya fi kowane kyau a hoto, shi ya fi saurin kwantawa ya toshe haƙoran bulok, gara mai garai-garai. Tiyon PVC na dusashewa yana sakin wani farin abu a ciki, in ya fara sai a canza shi. Lokacin hunturu ƙura na cika tsakanin ganyen lagireto cikin 'yan makonni, sai an riƙa busawa tare da wanke ragar tace iska. Idan zafin firosesa ya riƙa hawa alhali ruwan bai ƙara zafi ba, bulok ne ya toshe ko man da ke tsakaninsa da firosesa ya bushe, sai a kwance a wanke haƙoran da buroshin haƙori mai laushi. Duk wannan zai zo da sauƙi ne idan tun ranar haɗi an sa bawul ɗin zubar da ruwa a wuri mafi ƙasa na zagayen. Shi za a buɗe ranar canjin ruwa, shi kuma za a buɗe a tsiyaye komai kafin a ɗora akwatin a mota zuwa wani gari.