Mujiya ba ƴar aiken mayu ba ce

A Maradi har yau, in mujiya ta sauka kan zanko ta yi kuka da dare, sai ka ji tsofaffi na salati, wai mutuwa ta doso gidan ko mayu sun aiko ta. Gari na wayewa yara su bi ta da danƙo. Abin na damuna ƙwarai, domin tsoron ba shi da tushe.

Juya kan nan da ke razana mutane halitta ce. Idanunta a kafe suke, ba sa motsi, shi ya sa take murɗa wuya har digiri 270. Ƙasusuwan wuyanta 14 ne, namu 7. Tashinta ba ya ƙara saboda laushin gashin fukafukanta, don kada abin farauta ya ji zuwanta. Kukan kuwa kiran abokin zama ne ko kare wurinta. Ɓeraye ne ke kawo ta gida, waɗannan da ke ɓarnar gero a rumbu. A Isra'ila da Jodan manoma har akwatuna suke kafa mata a gonaki don ta rage musu sayen guba.

Girkawan dā sun ɗauke ta alamar hikima, suka buga hotonta a kuɗin azurfa na birnin Atina, kuma yana kan kwabon yuro 1 na Girka tun 2002. Wannan suna masu zanen kwamfuta suka gada, kamar koriyar mujiyar Duolingo, manhajar koyon harsuna. Ita ma hikimar kirari ce kawai: wajen dabara, hankaka ya fi ta nesa ba kusa ba.